Yadda Dodon Koɗin Teku Ke Hayayyafa A Tankin Gilashi Na Cikin Gida

Bayan an kashe fitilun tanki da daddare, wani lokaci sai a ga dodon koɗi uku ko huɗu sun bar kiwo sun haura gilashi har bakin ruwa. Can sai ɗaya ya ɗaga jikinsa ya fara feso wani farin abu, na kusa da shi ya kama, na gaba ma haka. Kafin rabin awa ruwan da yake garau ya dushe, kifayen da suka kwanta sun farka suna wawason wasu ƙananan ɗigo masu launin kore. Wanda bai taɓa gani ba hankalinsa kan tashi, ya zaci guba ce ta shiga ruwan. Alhali haihuwa ce ake yi: mazan na sakin maniyyi, matan na sakin ƙwai, su haɗu a cikin ruwa.

Wannan abu yana faruwa a gidajen masu kiwon murjani a Amurka da Jamus da Ingila da Japan da sauran ƙasashen da wannan sha'awa ta yi ƙarfi. Tambayar da takan biyo baya kusan ɗaya ce a ko'ina: 'ya'yan za su rayu? Amsar ta danganta da irin dodon koɗin, kuma a cikinta akwai ilimi mai yawa game da rayuwar teku.

Teku a cikin falo

Tankin murjani akwati ne na gilashi da ake cika shi da ruwan gishiri, a zuba yashi da duwatsu, a dasa murjani mai rai, a saka kifaye kaɗan. Murjanin nan dabba ce, duk da kamarsa da tsiro ko dutse, kuma ba ya jure sakaci. Dole gishirin ruwa ya tsaya wajen giram 35 a kowace lita kamar na teku, zafinsa kuma tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Ana buƙatar fitila mai ƙarfi, da famfunan da ke kaɗa ruwa dare da rana, da sinadarin kalsiyam wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi, dodon koɗi kuma ke gina ƙwansonsa.

Sha'awar ta daɗe. A shekarar 1832 wata Bafaranshiya mai suna Jeanne Villepreux-Power, da ke zaune a Messina ta tsibirin Sisili, ta ƙera akwatunan gilashi don ta sa ido a kan wata halittar teku mai ƙwanso da ake kira Argonauta. A 1846 Anna Thynne ta kai murjani mai rai gidanta a Landan ta riƙe shi kusan shekara uku, sannan a 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo. Salon da aka fi bi a yau ya kafu ne a hannun masu kiwo na birnin Berlin a shekarun 1970 da 1980: dutsen da aka ɗebo daga teku da halittunsa a jiki, haske mai ƙarfi, da na'urar kumfa mai tsame datti daga ruwa.

Amma inda haske da ɗumi da kashin kifi suka haɗu, gansakuka ba ta jiran gayyata. Takan rufe gilashi, ta hau duwatsu, ta shaƙe murjani. A nan dodon koɗi ya shigo. Masu kiwo suna kiransu 'yan shara, kuma sun cancanci sunan. Kowane ɗaya yana da wani dogon harshe mai jerin ƙananan haƙora da yake kankare gansakuka da shi. Ire-iren da ake kira Trochus da Turbo da Astraea suna aikin gilashi da duwatsu. Cerithium yana bin yashi da lunguna. Nassarius kuwa binne kansa yake yi a yashi, ya bar ɗan bututun shaƙarsa a waje, da ya ji ƙanshin mushe ko ragowar abinci sai ya ɓullo.

Hanyoyi uku na zuwa duniya

Dodon koɗin da ake gani a lambu ko a jeji da damina, kowane ɗaya yana ɗauke da halittar namiji da ta mace a jikinsa. Yawancin na teku da ake sakawa a tanki ba haka suke ba: akwai namiji daban, mace daban, kuma da wuya ido ya bambance su daga waje. Saboda haka wanda ya sayi guda biyu kacal yana iya dacewa da jinsi ɗaya, ya shekara bai ga komai ba.

Hanya ta farko ita ce wadda aka bayyana a sama, wato sakin ƙwai da maniyyi a ruwa. Trochus da Turbo da Astraea da Stomatella duk haka suke yi. Ba sa saduwa, ba sa gina sheƙa, ba sa gadin komai. Hawa sama da suke yi dabara ce don igiyar ruwa ta kwashi abin da suka saki ta gauraya. A teku lokacin yakan bi zagayen wata. A tanki kuwa sauyin ruwa ko ɗan motsin zafi yakan tayar da su, kuma da ɗaya ya fara, ƙanshinsa a ruwa ke kiran sauran. Ƙwan da ya haɗu da maniyyi, wanda faɗinsa bai kai rabin milimita ba, yakan ƙyanƙyashe cikin ƙasa da kwana guda, ya zama 'yar tsutsa mai iyo da ƙananan gasu.

Hanya ta biyu ita ce saduwa sannan a manna ƙwai a jikin wani abu. Cerithium kan bar farin zare mai lanƙwashe-lanƙwashe a jikin gilashi, ƙwai jere a cikinsa. Nerita kan bar wasu fararen ɗigo masu tauri, kamar an watsa riɗi a kan dutse, har a bayan ƙwanson 'yan'uwansa yakan manna su, kuma kowane ɗigo jaka ce mai ɗauke da ƙwai da dama. Nassarius ma yakan jera ƙananan jakunkuna a gilashi. Daga yawancin waɗannan abin da ke fitowa tsutsa ce mai iyo, wadda sai ta yi makonni tana yawo a ruwa tana cin ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, kafin ta sauka ƙasa ta zama dodon koɗi.

Hanya ta uku ita ce mafi sauƙi ga mai tanki. Wasu irin, kamar ƙananan dodon koɗi na dangin Columbellidae da suka yaɗu a tankunan masu kiwo, suna kammala duk girman tsutsa a cikin jakar ƙwai. Bayan makonni kaɗan sai a ga jakar ta huje, ƙananan dodon koɗi da ƙwansonsu cikakke sun fito suna rarrafe, sun kama kiwo nan take.

Abin da ke kashe tsutsar

Duk sirrin yana cikin tsawon kwanakin da tsutsa za ta yi tana iyo. Teku yana da faɗi, kuma ruwansa cike yake da ƙananan tsirran da take ci. Tankin gida an gina shi ne don ruwa ya zama garau, kuma duk na'urar da ke kawo wannan tsabta maƙiyiyar tsutsa ce. Na'urar kumfa tana tsame ta tare da datti. Matacin auduga yana riƙe ta. Famfo yana jujjuya ta, fitilar kashe ƙwayoyin cuta tana ƙona ta. Wadda ta tsira daga injuna kuma, ga bakin murjani a buɗe da dare, ga kifi, ga yunwa, domin ruwan da aka tace ba shi da abin da za ta ci.

Shi ya sa masu Nerita ke ganin ƙwai kullum amma ba sa ganin 'ya'ya. Tsutsarsa tana buƙatar lokaci mai tsawo a ruwa, kuma kusan ba ta kai labari a tankin gida. Nassarius ma haka, sai in an kwashe ƙwan zuwa wani tanki na daban, marar mataci, ana ba tsutsar koren ruwa da aka noma musamman dominta.

Trochus ya bambanta. Tsutsarsa ba ta cin komai. Guzurin da uwa ta zuba mata a cikin ƙwai shi take ƙonawa, kuma cikin kwana uku ko fiye kaɗan ta nemi wurin sauka. Masanin halittun teku Gerald Heslinga ya bi wannan rayuwa mataki-mataki a tsibirin Palau, ya wallafa bincikensa a kan Trochus niloticus a 1981. An gano cewa tsutsar ta fi son sauka a kan wata gansakuka mai tauri, mai launin hoda ko shunayya, wadda ke lulluɓe duwatsun teku. Irin wannan gansakukar ce kuma ke cika tsohon tanki mai lafiya. Saboda haka cikin dubban ƙwai, wasu 'yan kaɗan kan tsallake injuna su sauka. Mai tanki ba zai san da su ba sai bayan watanni, ranar da ya haska tocila a magudanar ruwa ko a tankin ƙasa inda injuna suke, ya ga ƙananan Trochus na milimita biyu ko uku suna kiwo.

Ƙarfin haihuwar wannan dangi ba sabon labari ba ne a tsibiran Tekun Fasifik. Da ƙwanson Trochus niloticus ake yin maɓallan riga masu sheƙi, kuma saboda kasuwarsa aka riƙa ɗaukarsa daga wani tsibiri zuwa wani. A 1957 an kai wasu kaɗan daga Fiji zuwa Aitutaki a tsibiran Cook, inda babu shi a da. Da aka buɗe kamunsa a karon farko a 1981, abin da aka kwasa ya kai wajen tan 200.

Baƙin da ba a saya ba

Sau da yawa dodon koɗin da suka fi hayayyafa a tanki ba waɗanda aka biya kuɗi aka saya ba ne. A jikin dutse ko a gindin murjani suke shigowa a ɓoye.

Stomatella ne ya fi shahara. Ƙwansonsa shimfiɗaɗɗe ne, bai rufe jikinsa duka ba, tsawonsa bai cika wuce santimita biyu ko uku ba, kuma yana da saurin da ba a saba gani ga dodon koɗi ba. Da dare yake fita. In kifi ko jatan lande ya cafke shi, sai ya yanke bayan ƙafarsa ya bar wa maƙiyi, ya tsere, daga baya wata ta tsiro. Ɗan'uwan Trochus ne, tsutsarsa ba ta daɗewa a ruwa, don haka guda biyar kan zama tari cikin shekara. Collonista kuwa ƙanana ne ƙwarai, milimita kaɗan, zagayayyu masu ɗigo-ɗigo. Da rana ba a ganinsu, da dare sai su cika gilashi. Duka biyun gansakuka suke ci, ba sa taɓa murjani, kuma yawansu yana bin yawan abinci: in gansakuka ta ragu, su ma su ragu da kansu.

Sai dai ba kowane baƙo ne alheri ba, kuma abin da ya sa masu amfani ke yaɗuwa shi ne ya sa masu ɓarna ke yaɗuwa.

Akwai dangin Vermetidae, waɗanda in an gan su ba za a ce dodon koɗi ba ne. Ɗansu yana manne ƙwansonsa a dutse tun yana ƙarami, ya gina bututu mai kaifi, ya zauna a ciki har ya mutu. Yana cin abinci ne ta hanyar sakin ragar yauƙi a ruwa, datti ya maƙale, ya janyo ta ya haɗiye. Da wannan ragar mace ke kama ƙunshin maniyyin namiji, ta riƙe ƙwanta a cikin bututu, a yawancin irinsu 'ya'yan su fito suna rarrafe. Babu injin da zai same su. Ragar yauƙin tana damun murjani, kuma ba a tanki kaɗai ba. Binciken da Jeffrey Shima da abokan aikinsa suka yi a tsibirin Moorea, wanda ya fito a 2010, ya nuna cewa wani babban irinsu yana rage girman wasu murjanai da har kashi 81 cikin ɗari. Masu tanki kan fasa bututun daga gindi ko su toshe bakinsa da gam, su kuma rage zuba abinci mai gari a ruwa.

Akwai kuma dangin Pyramidellidae, farare sirara masu tsawon milimita kaɗan. Ba su da harshen kankara. Tsinke suke da shi da suke huda jikin wata halitta su tsotse ruwanta. Abin da suka fi so shi ne manyan kawa na Tridacna, masu tsada da kyan launi, har da Turbo da Astraea. Da rana suna ɓuya a ƙarƙashin ƙwanson wanda suke ci, a nan kuma suke manna ƙwansu cikin yauƙi. Maganinsu haƙuri ne: a ɗaga kawar da dare a goge ta da buroshi, a cire ƙwan, a maimaita har su ƙare. Heliacus ma abin lura ne, mai shimfiɗaɗɗen ƙwanso mai zanen baƙi da fari, wanda ke cin wasu murjanai masu laushi. Akan rikita shi da Collonista, amma murfin bakinsa mai tsini ne, na Collonista kuwa shafaffe.

Wuri ma dodon koɗin teku ne

Akwai ɗaya daga cikin mazauna tankin murjani da Bahaushe ya san ƙwansonsa tun kaka da kakanni. Wurin da aka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, wanda Heinrich Barth ya tarar ana ƙirgawa a Kano a 1851, ƙwanson dodon koɗin teku ne. Monetaria moneta daga tsibiran Maldibs aka fi kwaso shi, Monetaria annulus kuma daga gaɓar Zanzibar. Dukansu ana sayar da su a yau da ransu don cin gansakuka a tanki. Mai rai yakan shimfiɗo wata fata daga jikinsa ya lulluɓe ƙwanson, ita ce ke sa shi santsi da ƙyalli. Macen tana da kula da ba a cika samu ba a sauran dodon koɗi: takan jera ƙwanta a ƙarƙashin dutse, ta rufe su da ƙafarta, ta zauna a kai har su ƙyanƙyashe. Amma abin da ke fitowa tsutsa ce mai iyo, don haka ƙarshenta a tankin gida irin na Nerita ne.

Me ya sa abin ya kai a damu?

Wani zai ce dodon koɗi ne kawai, in ya mutu a sayi wani. To, daga ina ake kawo wanin? Rahoton da wata cibiya ta hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu ne ke riƙe da tankin ruwan gishiri a duniya, kuma ban da kifi da murjani, ana cinikin ƙananan halittun teku miliyan tara zuwa goma a kowace shekara. Mafi yawansu daga teku ake tsinto su. A 2009 Andrew Rhyne da abokan bincikensa sun duba alƙaluman jihar Florida ta Amurka, suka ga cewa a 2007 kaɗai an kwashi irin waɗannan halittu miliyan tara, miliyan shida daga ciki masu cin gansakuka ne. Aikin da ake so su yi a falo shi ne aikin da suke yi a teku, kuma inda aka kwashe su gansakuka na samun sarari a kan murjani.

Abin takaici, da yawa daga cikin waɗanda aka kwaso ba sa daɗewa. An daɗe ana ba sababbin masu kiwo shawarar su saka dodon koɗi ɗaya ga kowane galan na ruwa, wato ƙasa da lita huɗu. A tanki mai lita 200 hakan na nufin sama da guda hamsin. Cikin makonni su cinye gansakuka, sannan yunwa ta fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma, kamar waɗanda ake sayarwa da sunan Margarita, daga ruwan sanyi na gaɓar yammacin Amurka ta Arewa suke, ɗumin tankin murjani yana gajarta musu kwana. Astraea in ya faɗo ya kife a kan yashi ba ya iya juyawa, sai a same shi ya mutu ko ƙaguwa ta cinye shi. Wata ƙaguwa mai zama a ƙwanson aro ma takan kashe dodon koɗi don ta gaje gidansa.

Wanda ke son 'yan sharansa su haihu ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Ya zaɓi irin da tsutsarsa ba ta daɗewa a ruwa ko wadda ba ta iyo sam: Trochus, Stomatella, Collonista da Columbellidae. Ya sayi biyar ko shida na iri ɗaya don a samu maza da mata. Ranar da ya kawo su, ya saba musu da ruwansa a hankali, ɗigo-ɗigo, domin canjin gishiri na farat ɗaya yana illata su. Kada maganin kifi mai sinadarin tagulla ya kusanci tankin, saboda kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe su duka. Ya kula da kalsiyam, ya bar gilashin baya da gansakukarsa ba tare da kankarewa ba, ya kuma san cewa wasu kifaye, musamman dangin Labridae, abincinsu ke nan. Da yawa kan haɗa ɗan ƙaramin tanki a gefe ko a ƙasa, marar kifi, mai ciyawar teku, inda ƙanana ke girma lafiya.

In kuma daren haihuwa ya zo, ruwa ya dushe, abin lura shi ne iska. A ƙaramin tanki yawan ƙwai da maniyyi na iya rage iskar da kifi ke shaƙa, don haka a bar famfuna suna kaɗa saman ruwa. Wasu kan cire matacin auduga na 'yan kwanaki don ba tsutsar dama. Yawanci kafin gari ya waye ruwan ya washe, murjani kuma ya ƙoshi.

A yau akwai gonakin ruwa da ke ƙyanƙyasar Trochus don kasuwar tanki, kuma masu kiwo da dama suna raba wa juna rarar Stomatella da Columbellidae da suka haifa a gida. Duk mai niyyar shiga wannan sha'awa, kafin ya biya kuɗi ya tambayi mai shago ko dodon koɗin haihuwar tanki ne ko tsintuwar teku, ya zaɓi na tanki, ya kuma sayi daidai adadin da gansakukar tankinsa za ta iya ciyarwa.